Ɗakin oksijin mai matsi: me yake yi wa ƙwaƙwalwa, kuma zai amfani mai shanyewar ɓarin jiki?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Jidda: mahaifinta ɗan shekara 68 ne, yana da hawan jini da ciwon suga. Wata 14 ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa kuma ya yi nauyi. An ba su shawarar jalsa 40, wato zama 40, a ɗakin oksijin mai matsi, inda ake shaƙar oksijin zalla a matsin da ya fi na iskar gari, ta'amin, wato inshorar lafiya, ba zai biya ba, an kuma ce musu oksijin ɗin zai farfaɗo da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka yi barci. Tana son sanin ko da gaske oksijin yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwa, da kuma ko ya dace su haɗa kuɗin.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.

Tambayarki biyu ce a haɗe, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Oksijin yana ƙaruwa a ƙwaƙwalwa cikin ɗakin matsi, ƙaruwa mai yawa, an auna an gani, babu ja a kai. Ko wannan ƙaruwar za ta dawo wa Baba da hannu da magana bayan wata 14, a nan hujjar da ke hannun likitoci ba ta da ƙarfi. Sai an fahimci yadda abin yake aiki a cikin jiki kafin a gane dalilin da ya sa amsoshin suka rabu.

Iskar da muke shaƙa a Jidda, da yake bakin teku ne, matsinta 760 ne a ma'aunin zaiba, wanda ake rubutawa mmHg. Wannan shi ake kira ATA 1. Kashi 21 cikin 100 na iskar ne oksijin. Idan ya shiga huhu, hanya biyu yake bi cikin jini. Kusan dukkansa yana manne wa himoglobin na jajayen ƙwayoyin jini: kowane giram ɗaya yana ɗaukar mililita 1.34, don haka mai himoglobin 15 yana ɗauke da kimanin mililita 20 na oksijin a kowace mililita 100 ta jini. Ɗan abin da ya rage, kimanin mililita 0.3, shi ne narkakke a cikin ruwan jinin kansa. Himoglobin na mai lafiyar huhu ya riga ya cika kashi 97 ko 98 da iskar gari, saboda haka ko an ƙara oksijin babu sauran wurin da zai ɗauka. Abin da ake iya ƙarawa shi ne narkakken, kuma shi matsi yake bi. Kamar lemon kwalba ne: gas ɗin yana narke a ciki muddin murfin na rufe da matsi, da an buɗe sai ya fito. William Henry ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1803.

Idan aka sa wa mutum takunkumin oksijin zalla a gadon asibiti, narkakken yana iya kai wa mililita 2. A ATA 2, wato matsin da mai nutso yake ji a zurfin mita 10, matsin oksijin a jijiyar jini yana tashi daga kusan 100 zuwa sama da 1,200, narkakken ya kai mililita 4. A ATA 3 yana kai wa mililita 6, wanda ya yi daidai da abin da jiki ke cira daga jini idan yana hutawa. Wani likitan tiyata a Amsterdam, Ite Boerema, ya nuna haka a 1960 lokacin da ya zuƙe kusan dukkan jajayen ƙwayoyin jinin wasu dabbobi, suka ci gaba da rayuwa a ATA 3 da narkakken oksijin kaɗai.

Yanzu ƙwaƙwalwa. Nauyinta kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cin kashi 20 na oksijin ɗinsa. Kowane giram 100 nata yana samun jini kimanin mililita 50 a minti, yana ƙona oksijin kimanin mililita 3.5, kuma ba ta da ajiya. A ɗakin kulawa ta musamman, inda ake saka siririyar na'ura cikin naman ƙwaƙwalwar wanda ya yi mummunan rauni a kai, matsin oksijin da ake so a gani yana tsakanin 20 da 40. Idan ya faɗi ƙasa da 20 likitoci sun tashi tsaye. Ƙungiyar Gaylan Rockswold a Minneapolis ta Amurka ta auna irin waɗannan majinyata cikin ɗakin matsi a ATA 1.5 kawai, ta ga adadin ya haura 200.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta sakin jiki ta karɓi wannan ambaliya. Da oksijin ya yi yawa, ƙananan jijiyoyinta sukan tsuke, saboda wani sinadarin da oksijin ke haifarwa yana cinye naitirik oksaid, wanda shi ne ke buɗe jijiyoyi. Jinin da ke shiga yakan ragu da kashi 10 zuwa 25. Duk da haka oksijin da ke isa nama ya fi na da, domin kowane ɗigon jini ya ƙoshi. Wannan tsukewa tana da amfani ga kan da ya kumbura, don tana rage matsin cikin ƙoƙon kai ba tare da an hana ƙwayoyi iska ba.

Muhimmin wurin shi ne cikin ƙwayar halittar kanta. A cikinta akwai ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙona suga a samar da ATP, makamashin da ƙwaya ke aiki da shi. Da oksijin, ƙwayar suga ɗaya tana ba da ATP kusan 30. Babu oksijin, 2 kawai take bayarwa, sauran ya koma laktet mai tsami. Kusan rabin makamashin ƙwaƙwalwa yana tafiya ne wajen fitar da gishirin sodiyam daga cikin ƙwaya da shigo da potasiyam. Idan ATP ya ƙare, wannan aikin ya tsaya, ruwa da kalsiyam su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura ta mutu.

To amma sinadarin ƙarshe da ke karɓar oksijin a cikin mitokondiriya, saitokurom oksides, ɗan kaɗan yake buƙata ya yi cikakken aiki, matsi na 1 ko 2 ya ishe shi. Ke nan lafiyayyar ƙwaya da ke samun 30 ta riga ta wadatu, idan aka kai ta 200 ba za ta ƙara yin ATP ba. Matacciyar ƙwaya kuma ba ta da mitokondiriyar da za ta karɓa. Wadda ke amfana ita ce ta tsakiya: tana raye, amma oksijin ba ya isa gare ta, ko don kumburi ya nesanta ta da jijiya, ko don guba ta toshe hanyar. Matsi mai yawa yana tura oksijin ya ratsa nesa fiye da yadda ya saba. A majinyatan Rockswold an ga laktet ya ragu, cin oksijin na ƙwaƙwalwa ya ƙaru, kuma hakan ya ɗore wasu sa'o'i bayan an fito. Wannan alama ce cewa mitokondiriyar da ta jigata ta farfaɗo. Amma mu lura, raunin nasu na kwana ɗaya zuwa uku ne.

Akwai aiki na biyu da ba na makamashi ba, kuma a kansa masu jalsa 40 suke dogara. Oksijin mai yawa yana haifar da sinadarai masu cizo, irin su sufaoksaid da haidurojin feroksaid. Kaɗan daga cikinsu saƙo ne ga ƙwaya: sukan sa ta ƙara kariyarta, su hana fararen ƙwayoyin jini mannewa a bangon jijiya bayan rauni, su kuma zaburar da ɓargo ya saki ƙwayoyin da ke gina sabbin jijiyoyi. Stephen Thom ya nuna a 2006 cewa waɗannan ƙwayoyi sun ninka sau biyu a jini bayan zama ɗaya, sau takwas bayan zama 20. Saukowar oksijin daga sama zuwa daidai bayan kowane zama ma jiki yakan ɗauke ta kamar ƙarancin iska, sai ya kunna hanyoyin toho da sabbin jijiyoyi. Wannan ne ya sa ɗakin matsi yake taimakon gyambon ƙafar mai ciwon suga da naman da hasken maganin daji ya ƙona. Tsalle daga gyambon ƙafa zuwa ƙwaƙwalwar da ta yi tabo, shi ne abin da bincike bai tabbatar ba.

Inda aka tabbatar da amfaninsa ga ƙwaƙwalwa, duk wurare ne na gaggawa, kuma na farkonsu ya shafe mu sosai. Lokacin sanyi a Madina, Ɗa'if, Tabuk da Riyad, mutane kan shigar da gawayi ɗaki ko tanti su rufe ƙofa, wasu kuma su kunna garwashin shisha ko janareta a rufaffen wuri. Hayaƙin kabon monoksaid ba shi da wari ko launi, kuma yana kama himoglobin fiye da oksijin sau 200 zuwa 250. Yana kuma shiga ya toshe saitokurom oksides ɗin nan da na ambata. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna 98 alhali mutum na cikin haɗari, domin ba ta bambance himoglobin mai oksijin da mai guba. A iskar gari rabin gubar yana fita cikin awa 4 zuwa 5, da takunkumin oksijin zalla cikin kimanin minti 75 zuwa 90, a ATA 3 cikin minti 20 da ɗoriya. A binciken Lindell Weaver na 2002, waɗanda aka yi wa zama uku cikin awa 24, kashi 25 ne suka sami matsalar tunani da mantuwa bayan mako shida, waɗanda aka ba oksijin ta takunkumi a gadon asibiti kuma kashi 46. Wani binciken na Ostireliya a 1999 bai ga bambanci ba, shi ya sa ake zaɓen majinyata: wanda ya suma, mai ruɗewa, wanda zuciyarsa ta taɓu, wanda gubar ta haura kashi 25 a jini, da mace mai ciki ko da nata bai kai haka ba. Idan 'yan gida guda suka tashi da ciwon kai da amai tare bayan kwana da gawayi, a fito da su waje, a kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Saudiyya a 997, a faɗa wa likita maganar gawayin tun daga ƙofa.

Na biyu shi ne kumfar iska da ta shiga jijiyar ƙwaƙwalwa, ko ga masu nutso a Bahar Maliya da suka taso da sauri, ko ta hanyar tiyata da wankin ƙoda. A nan matsin da kansa yana matse kumfar, oksijin kuma ya kori naitirojin da ke cikinta. Ana bin jadawali na 6 na sojan ruwan Amurka, wanda ke farawa a ATA 2.8 ya ɗauki awa 4 da minti 45. Akwai kuma ƙurjin cikin ƙwaƙwalwa, toshewar jijiyar ido farat ɗaya, da kurumta ta farat ɗaya.

Shanyewar ɓarin jiki ba ta cikin wannan jeri. Idan jijiya ta toshe, tsakiyar wurin, inda jinin da ya kamata ya zama mililita 50 a minti ya faɗi ƙasa da 10, yana mutuwa cikin mintuna. Gefensa, inda jini ke tsakanin 10 da 20, ƙwayoyin sun yi shiru amma suna raye na wasu sa'o'i. Ceto su shi ne dalilin allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi, da zaro gudan ta jijiya. Ko a wannan lokaci na farko, gwaje-gwajen ɗakin matsi na 1991, 1995 da 2003 ba su nuna amfani ba, kuma dalilin a fili yake: narkakken oksijin ma jini ne ke kai shi, idan hanyar a toshe take ba zai wuce ba. Bayan watanni, tsakiyar ta zama rami mai ruwa, wanda za ku gani baƙi a hoton sikanin na Baba. Babu matsin da zai mayar da shi nama.

Maganar ƙwayoyin da suka yi barci a gefen tabo, wani likita a Florida, Richard Neubauer, ya yaɗa ta tun wajen 1990. Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Shai Efrati ne a 2013: majinyata 74 da suka yi wata 6 zuwa 36 da ciwon, zama 40, minti 90 a ATA 2, kwana biyar a mako. An ba da rahoton sauƙi, hotuna ma sun nuna canji. Rauninsa shi ne kowa ya san ko yana shan magani ko ba ya sha, domin waɗanda aka kwatanta su da su zaman gida suka yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mutumin da za a shirya, a fitar da shi kullum har wata biyu, a kula da shi, a sa masa rai, zai motsa ko da babu oksijin. An ga haka ƙarara a Kanada a 2001, cikin yara 111 masu larurar ƙwaƙwalwa tun haihuwa: rabi an ba su oksijin zalla a ATA 1.75, rabi iskar gari a ATA 1.3, duka biyun suka samu sauƙi iri ɗaya. Gwaje-gwajen sojojin Amurka masu girgizar ƙwaƙwalwa ma haka suka ƙare. Ko a mummunan raunin kai, binciken Rockswold na 1992 a kan mutum 168 ya rage mutuwa daga kashi 32 zuwa 17, amma yawan waɗanda suka koma rayuwa mai kyau bai ƙaru ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da shi don shanyewar ɓarin jiki ba, kuma wannan rashin hujja ne ke sa kamfanonin ta'amin ƙin biya.

Ra'ayina ga Baba: kada a ci bashi, kada a sayar da zinare ko fili saboda wannan. Idan kuɗin ɗaya ne, a zuba shi a gashi, wato motsa jiki na asibiti, mai tsanani da ake maimaita aikin hannu da tafiya kullum, da malamin koyon magana, domin ƙwaƙwalwa tana gina sabbin hanyoyi da maimaici ko bayan shekara. A riƙe hawan jini da suga, a ci gaba da maganin tsinka jini da na kitse yadda likitansa ya tsara, a kuma duba ko zuciyarsa na bugawa ba daidai ba. Abin da ya fi barazana gare shi yanzu shi ne shanyewar ɓarin jiki karo na biyu.

Idan kuna da hali kuma kun ƙudura gwadawa, to ku san abin da zai iya faruwa da mutum irinsa. Na farko kunne. Minti 10 zuwa 15 na farko da ake ƙara matsi, dole majinyaci ya riƙa haɗiyar yawu ko ya toshe hanci ya hura a hankali, in ba haka ba dodon kunne ya ja ciki, ya tara jini, har ya fashe. Mai nauyin harshe ba lallai ya iya cewa kunnensa na ciwo ba, kuma idan haɗiya ta taɓu ba zai iya buɗe shi ba. Likitan kunne ya duba shi tukuna, wani lokaci sai an saka ɗan bututu a dodon kunnen. Ranar da yake mura a ɗaga zaman.

Na biyu suga. Yakan faɗi a cikin ɗakin, musamman ga mai allurar insulin. A auna kafin shiga da bayan fita, cibiyoyi da dama ba sa shigar da wanda bai kai 120 ba sai ya ci wani abu. Kada ya shiga da azumi a bakinsa.

Na uku farfaɗiya. Idan oksijin ya fi ƙarfin kariyar ƙwaya, tsukewar jijiyoyin nan takan saki, jini mai cike da oksijin ya kwararo, mutum ya faɗi yana jijjiga. Paul Bert ya bayyana haka tun 1878. A ATA 2 abin ba ya yawan faruwa, sau ɗaya cikin zama dubbai, amma tabon ƙwaƙwalwa, zazzaɓi, faɗuwar suga da magani irin tramadol duk suna kusantar da shi. Alamun farko su ne rawar leɓe, tashin zuciya, ƙara a kunne da ƙuntatar gani. Don haka ake cire takunkumi a shaƙi iskar gari minti 5 bayan kowane minti 20 zuwa 30. Idan ta faru ana cire oksijin, amma ba a sauke matsi sai jijjigar ta lafa, domin mai riƙe da numfashi huhunsa na iya fashewa yayin saukewa.

A ɗauki hoton ƙirji kafin farawa. Iskar da ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari ba a cire ba, ita ce babbar abin da ke hana shiga baki ɗaya, saboda tana kumbura idan ana sauke matsi. A kuma duba ƙarfin zuciya, domin tsukewar jijiyoyi tana ɗaga hawan jini, mai raunin zuciya ruwa na iya taruwa masa a huhu. Wanda ya taɓa shan maganin daji irin bleomycin ko doxorubicin ya faɗa. Bayan zama 20 zuwa 30 ganin nesa yakan dushe, yawanci yana dawowa cikin makonni ko 'yan watanni, kada a yi saurin canza tabarau.

Gobara ita ce haɗarin da ba ya ba da dama ta biyu. A Milan ta Italiya mutum 11 suka mutu cikin ɗakin matsi a 1997. Ba a shiga da waya, ashana, na'urar ji mai batir, ko tufafin leda. Auduga zalla ake sawa. Mu da muka saba da turare, wannan ya shafe mu: babu ud, babu humra, babu basilin ko man zafi a jiki ko gashi ranar zama. Cibiyar da ba ta binciki majinyaci a ƙofa ba, ku juya.

Ku tambayi adadin matsin. Akwai buhunan roba masu zif da ake hurawa zuwa ATA 1.3, ana tallarsu a wuraren gyaran jiki. Iskar gari a wannan matsi daidai take da shaƙar oksijin kashi 27, abin da siririn bututun hanci mai lita 2 yake bayarwa a kowane asibiti. Ɗakin gaske ko dai na mutum ɗaya ne mai bangon gilashin roba mai kauri, ko na ƙarfe mai ɗaukar mutane da yawa, wanda ya fi dacewa da Baba domin ma'aikacin jinya na zaune tare da shi. Ku nemi ganin lasisin Ma'aikatar Lafiya, da likitan da ya koyi wannan fanni kuma yana nan lokacin zama. Layin ma'aikatar, 937, yana karɓar tambaya da ƙorafi.

Kada ku biya jalsa 40 a dunƙule. Kafin zama na farko, mai yi masa gashi, wanda ba ma'aikacin cibiyar ba, ya rubuta daƙiƙa nawa Baba ke ɗauka ya yi tafiyar mita 10, ƙarfin damƙar hannunsa na dama a ma'auni, da yawan sunayen abubuwa da yake iya kira daga hotuna 20. A ci gaba da gashin yadda yake, kada a ƙara kada a rage, don a san abin da ya kawo canji. Bayan zama 20 a sake aunawa da mutum ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Idan lambobin ba su motsa ba, a tsaya nan, sauran kuɗin a mayar da su wajen gashi da koyon magana.